Sawakin: Kufan Tsohuwar Tashar Alhazai a Gaɓar Bahar Maliya

Sawakin tsohon gari ne a gabashin Sudan, a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da birnin Bur Sudan. Asalin garin yana kan wani ɗan tsibiri kewayayye da ke can cikin lungun teku, wanda mutum zai iya zagaye shi da ƙafa cikin ƙasa da awa guda. Wata 'yar gajeriyar hanya da aka cike da ƙasa ce ta haɗa shi da ɓangaren tudu, wanda ake kira Gef. Yau yawancin gine-ginen tsibirin sun zama kufai, amma ɗaruruwan shekaru nan ce babbar ƙofar da alhazan Afirka ke bi su ƙetara zuwa Jidda.

Alaƙarsa da Hausawan Gadarif

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Gadarif, da Kasala, da ƙauyukan bakin kogin Atbara, jikokin mutanen da suka baro Kano, Sakkwato, Katsina ko Damagaram ne da niyyar sauke farali. Tafiya ce ta ƙasa, a ƙafa ko bisa jaki, kuma takan ci shekaru. Idan guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙodago, a tara abin da ya samu, a ƙara gaba. Kwararar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas. Ƙasar Gadarif mai laka ce, tana karɓar dawa da riɗi, don haka ta riƙe mutane da yawa. Wasu sun je sun dawo sun zauna a nan. Wasu har Allah Ya karɓi ransu suna shirin ƙarasawa. Duk wanda ya ɗaura kaya ya ci gaba kuwa, Sawakin ya nufa. Da layin dogo ya iso Kasala a 1924, ya kai Gadarif a 1928, wannan zangon na ƙarshe ya yi sauƙi ƙwarai.

A Sawakin akan tsare mahajjata a killace domin duba lafiya da takardu kafin a ba su izinin shiga jirgi. Waɗanda ba su da hali ko takarda sukan bi masu kwalekwalen da ake kira sambuk, su ƙetara da dare daga wasu lungunan gaɓa. Ba kowa ne ya kai ba.

Taƙaitaccen tarihi

Marubutan Larabawa sun ambaci garin tun ƙarni na 10 miladiyya. Ibn Baɗuɗa ya biyo ta nan wajen 1330, ya tarar da tsibiri marar ruwan sha, sai an kawo a jirgi, kuma mai mulkinsa ɗan gidan sharifan Makka ne. Turkawan Usmaniyya sun karɓe shi a 1517 zamanin Sarki Salim na Ɗaya, sannan aka miƙa shi ga Masar a 1865. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 kasuwa ta buɗe sosai: ƙaro, hauren giwa, gashin jimina, fatu da gahawa suna fita, yadi da kayan ƙamshi suna shigowa. Har da bayi, wanda ɓangare ne na tarihin garin da bai kamata a ɓoye ba.

Zamanin Mahadiyya, Usman Digna da mayaƙansa na Hadandawa sun yi wa garin ƙawanya tun daga 1883, suka gwabza da sojojin Ingila a Teb da Tamai a 1884. Ba su ci garin ba. Ƙofar ganuwa da ake kira Ƙofar Kicina ta samo sunanta ne daga baturen da ya yi gwamna a nan daga 1886.

Abin lura shi ne ba yaƙi ne ya rushe Sawakin ba. Mashigarsa siririya ce, ga duwatsun murjani ta kowane gefe, manyan jiragen zamani ba sa iya shiga cikin sauƙi. Sai Turawa suka fara gina sabuwar tasha a arewa a 1905, aka buɗe ta a 1909, ita ce Bur Sudan. Fatake da ma'aikatun gwamnati suka kwashe suka koma can.

Ginin murjani da dalilin zubewarsa

Idan an ce murjani, kada a ɗauka jan dutsen ado da mata ke ɗaurawa a wuya ake nufi. Wani farin dutse ne mai huji-huji da wasu ƙananan halittun teku ke tarawa a hankali. Magina kan sassaƙo shi daga gaɓa, su jera, su sa katako tsakanin layuka don ya ɗaure bango, sannan su shafe da farar ƙasa. Da shi aka tada benaye masu hawa biyu da uku, masu tagogin katako da suka turo waje, waɗanda ake kira roshan, irin na tsohon garin Jidda. Ta cikinsu iska ke shiga, matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san sauran labarin. Soron da ba a yi wa yaɓe ba, damina biyu ko uku sun ishe shi. Haka dutsen murjani yake: da shafen ya ɓare, gishiri da danshin teku sai su shiga su cinye shi, katakon ya ruɓe, bango ya buɗe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga kuma matsalar gado, domin gida ɗaya yakan zama na magada masu yawa da suka watsu a garuruwa, babu mai ikon gyara shi kaɗai. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976. Gidaje da yawa yanzu sai a cikin zanensa ake ganinsu.

Abin da mai ziyara zai gani

Ana shiga tsibirin ta Ƙofar Godon. Daga nan sai tarin fararen duwatsu hagu da dama, nan bakan ƙofa ya rage shi kaɗai, can matakala ta hau ta tsaya a sarari. Masallatai biyu ne suka fi ɗaukar ido, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, waɗanda hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara tare da tsohon ofishin kwastan. A Disambar 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka yi yarjejeniyar ci gaba da gyara. A ɓangaren Gef akwai ragowar masaukin fatake na Shinnawi, wanda aka gina a 1881, da masallacin Tajussir.

Za a ji mutanen gari na cewa a nan Annabi Sulaiman (AS) ya ɗaure aljanu, har ma suna danganta manyan kyanwowin garin da hakan. Hira ce mai daɗin ji a wajen shan shayi, amma ba ta da wani tushe da za a dogara da shi. Haɗarin gaske shi ne bangon da ya tsage: kada a hau, kada a zauna a inuwarsa, kada kuma a ɗauki dutse a tafi da shi.

Garin bai mutu gaba ɗaya ba. Tashar Usman Digna da aka buɗe a 1991 tana gefen mashigar, daga nan jiragen fasinja ke kai masu aikin hajji da umara Jidda, na dabbobi kuma su kwashi tumaki.

Teku da tsaunuka

Ruwan wannan gaɓa garau yake, domin babu wani babban kogi da ke zuba laka a cikinsa. Masunta kan ɗauki baƙi a kwalekwale su zagaya tsibirin ko su fita kamun kifi da ƙugiya, a dawo a soya a ci a rumfunan bakin ruwa. Kifin najil shi ne wanda aka fi yabo. Wanda ya iya iyo, tabaran ruwa da bututun numfashi sun ishe shi ya ga lambun murjani da kifaye kala-kala. A sa takalmi, domin murjani na yanka kamar reza. Wanda iyakar iyonsa a kududdufi ne ko hafirin gona, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Wuraren nutso da suka yi suna a duniya ta Bur Sudan ake zuwa musu. Akwai Sanganib, kimanin kilomita 25 cikin teku, mai doguwar hasumiyar fitilar jirage. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da lungun Dungunab, inda ake samun wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayu. Akwai kuma Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar da gangan a Yunin 1940, da bama-bamai a cikinsa, don kada Ingilishi su amfana da shi. Waɗannan sai da ƙwararren jagora.

Mai gudun zafi ya hau tsaunin Arkawit, kusa da Sinkat, inda hazo ke sauka da sanyi, kuma nan kabarin Usman Digna yake.

Hanya da lokaci

Daga Gadarif tafiyar ta haura kilomita 700 a kan kwalta: Shuwak, Khashmul Girba, Kasala, Durdeb, Haya, Sinkat, sannan a gangara ta cikin duwatsu zuwa gaɓa. Yini guda ce cur, shi ya sa da yawa ke kwana a Kasala, su sha gahawar jabana a gindin dutsen Totil. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Maris. Yanayin gaɓar akasin na Gadarif ne: ɗan ruwan saman da take samu da hunturu yake sauka, watannin Yuni zuwa Satumba kuwa zafi kan wuce digiri 40, ga gumi. Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 gwamnati ta koma da zama Bur Sudan na wani lokaci, shingayen bincike suka yawaita a hanyar, don haka a riƙe katin shaida, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi, kuma kada a ɗauki hoton tashar jirage ko wurin sojoji.