Kundi

kundi (suna, namiji, jam'i: kundaye). 1. Tarin takardun da malamin zaure ke adana fa'idoji a ciki. 2. Rubutaccen binciken da ɗalibi ke karewa gaban malamai kafin a ba shi digiri, musamman na uku. Irin wannan bincike kan ci lokaci. Mai nazarin noma a ƙauyukan Bichi ko Minjibir da damina yake aiki: in ruwa ya ɗauke kafin gero ya nuna, sai baɗi. Yajin aikin malaman jami'a (ASUU) na 2022 kuwa wata 8 ya ci. Shi ya sa ɗalibai ke yi wa juna gayya, wannan ya auna dami, wancan ya duba babi. Misali: "Yaya, malam ya dawo da kundin, jan biro ko'ina." "Kawo mu gyara tare." Ba a kiran takardar jarrabawa kundi.