Fitilun allon mota masu ƙyaftawa: me ke jawo su, yaya ake gyara?

A garejojin Adjamé Saint-Michel da Treichville, direbobin gbaka da woro-woro sukan kawo mota da ƙorafi ɗaya: fitilun allon gaban direba suna ƙyaftawa. Galibi ba allon ne ya lalace ba, wutar da ke isa gare shi ce ba ta tsaya daidai ba.

Wurin farko da ake dubawa shi ne kawunan batir. Danshin Abidjan, musamman a daminar Mayu zuwa Yuli, yana sa farin gari ya taru a kansu, ramukan hanya kuma su sassauta ƙusoshin. A kankare, a ɗaure. Sai wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota. Idan ta yi tsatsa, fitilu kan yi rawa duk lokacin da aka taka birki ko aka kunna sigina.

Daga nan sai awo. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Idan lambar tana hawa tana sauka, laifin dinamo ne: bel ya saki, ko gawayinsa ya cinye, ko regilato ya mutu. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin batir zai ƙare mota ta mutu a tsakiyar hanya, wataƙila da dare da fasinja a ciki.

Sayen wani allon a kasuwar kayan gyara ta Adjamé kafin wannan awon asarar kuɗi ce kawai.