Alkaki, cincin da ƙaurin daren jajibiri a Gamu ta ƙasar Gure

Kafin buhun fulawa ya zama kayan kowane kanti, alkama abincin manya ce a ƙasar Gure. Gero muke nomawa a tudu, shi ne tuwonmu, shi ne furarmu. Alkama kuwa sai a kwari, inda ruwa ke kusa, a yi mata ban ruwa lokacin ɗari. Baturen nan Barth, da ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, ya rubuta cewa babu inda ya kai garin Wushek, da ke kusa da Gure, noman alkama a duk yammacin Barno. Ke nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tsada ce da ita. Matar da ta samu tiya guda ba ta taɓa ta a ranar banza. Ta ɓoye ta sai ƙaramar salla ko garar amarya.

Abin da ake yi da ita shi ne alkaki, kuma ni har gobe ban ga kayan maƙulashen da ya kama ƙafarsa ba. A surfa alkama, a shanya, a ɓarza a dutsen niƙa ba tare da ta yi laushi ba. A kwaɓa da ruwan tsamiya ko nono mai tsami da ɗan mai, a rufe ƙwarya ta kwana. Da safe a sa kanwa, wadda tafkunan Muniyo ba su taɓa yi mana rowarta ba, a murza, a naɗe, a soya, a tsoma cikin zuma tun da zafinsa. A baki sauƙi gare shi. Amma ba ma'auni, ba agogo, sai hannu da hanci. Kanwa ta ɗan zarce, alkaki ya yi ja, ya yi ɗaci. Kwaɓi bai yi tsami ba, ya fito da taurin da zai fasa haƙori. Ya wuce lokacinsa, ya watse cikin mai, uwargida ta tsaya tana tsamo ɓurɓushi da mara, kishiya na leƙowa tana yi mata sannu da aiki. Kakata ba ta yarda a yi magana da ƙarfi kusa da ƙwaryar kwaɓi, wai baki ke lalata shi. Ni dai na lura duk shekarar da bakin ya kama, ita ce shekarar da aka bar ƙwaryar a rana.

Sukari da can ayarin Tarabulus ke kawo shi, ɗan kaɗan, na gidan sarauta da attajirai. Bayan Faransawa sun shiga Damagaram a 1899 ne kantunansu suka riƙa yaɗa shi, har ya ture zuma daga kaskon talaka. Noman gyaɗa ya kawo mai, musamman bayan an kafa kamfanin gyaɗa na SONARA a 1962, kafin farin 1973 da 1974 ya karya noman. A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon Kanada, manyan motoci suka yawaita, fulawa ta biyo su. Cincin ta Najeriya ya shigo mana, dubulan ya samu gindin zama. Abin da a da sai gidan mai hali, ya zama kowace mata na iya cika kwano ta aika wa surukai.

Sai dai tun daga nan suyar sallarmu ta rataya a wuyan mota da iyaka. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, saura wata guda azumi. Fulawa da sukari suka yi tashin gwauron zabi. Mata da yawa suka sirka fulawar da garin rogo don ta auku, cincin ya shanye mai, ya ƙi ƙamewa. Yaran da suka zo barka da salla suka karɓa, suka zubar wa awaki a bakin zaure. Haka aka sake ɗanɗanawa da aka rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai cikin azumin 2024.

Yanzu ni aikina a daren jajibiri zama ne kan tabarma da ɗanɗano. Jikokina mata, kishiyoyina, kek suke so. Sun zo da bayani daga waya, komai da giram, amma gidan ba tanderu. Sai a zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara da kwaɓi a ciki, a ɗora garwashi kan murfi. Bara wuta ta yi wa ƙasa yawa, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suka aiko tambaya, aka buɗe aka tarar gindi gawayi, sama ɗanye. Babbarsu ta fashe da kuka. Ƙanenta, wanda nake kira maigida, ya kankare baƙin da wuƙa, ya miƙo mini.

"Ungo, matata, ga kuɗin cefane."

"Kai, tafi can! Mijin da ke ciyar da gawayi, gobe sai gaban alƙali."

Mai kukan ta yi dariya da hawaye a fuska, ta rage wutar da kanta, ba wanda ya ce mata uffan. Zubi na biyu ya ciwu.

Abin da ke damuna shi ne iyayensu sun fara sayen cincin na leda daga Damagaram, wai don gudun asara. Asarar tiya guda ta fulawa ba ta talauta gida, mu ma da irinta muka koya. Ku bar yaran su ƙona. In kuma da tsohuwa a gidanku da ta iya alkaki, ku nemo mata alkama bana, ku zaunar da jikoki kusa da ita, don a unguwarmu masu iya shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.