Kogin Nilu: Yadda Aka Raba Ruwa Ba Tare da Mai Ruwan Ba

Yau za mu leƙa gabashin Afirka, mu duba rigimar da ta haura shekara ɗari ana yi a kan tambaya guda: wa ke da ruwan kogin Nilu?

Bari in fara da abin da ya kamata ku riƙe a kai. Kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, mafi yawansa ta reshen da ake kira Shuɗin Nilu, wanda ya taso daga tafkin Tana. Ita kuma Masar kusan ba ta da damina, kogin nan shi ne ruwan shanta da nomanta. Mai ruwa na sama, mai ƙishi na ƙasa.

A 1902 Ingila ta ƙulla yarjejeniya da Sarki Menelik na biyu na Habasha kan iyakar ƙasarsa da Sudan. A ciki aka saka cewa ba zai gina wani abu da zai tare ruwan Shuɗin Nilu ko tafkin Tana ko kogin Sobat ba sai da yardar Ingila da gwamnatin Sudan. Har gobe ana musu a kan kalmar nan “tarewa”. Masar na cewa ta haɗa da duk wata madatsa, Habasha na cewa toshe kogin ɗungurungum ake nufi, ba amfani da shi ba.

To me ya dami Bature da wannan ruwa? Auduga. Masaƙun Ingila na buƙatarta, shi ya sa suka gina madatsar Sennar, aka gama a 1925, don shayar da gonakin Jazira a Sudan. A nan labarin ya ɗan taɓa mu. Kusa da Sennar garin Maiurno yake, inda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa da Fulani masu yawa, ciki har da mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya, sun yi aikin tsinkar auduga a gonakin nan.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. A Nuwamba 1924 aka harbe Lee Stack, gwamnan Sudan na Ingila, a birnin Alƙahira. Cikin hukuncin da Allenby, wakilin Ingila, ya gindaya wa Masar, bayan tarar fam 500,000, har da cewa za a faɗaɗa noman Jazira ba tare da iyaka ba. A da an ƙayyade shi a fedan 300,000, fedan ɗaya kuwa kusan eka ɗaya ne. Wato dai a fakaice an ce musu: maƙogwaronku na hannunmu. Daga baya Ingila ta janye wannan barazana, aka kafa kwamiti, amma Misirawa sun riga sun ga abin da na sama zai iya yi musu. A ganina, duk taurin kan da Masar ke nunawa yau, a nan ya samo asali.

Rahoton kwamitin ne ya haifi yarjejeniyar 1929. Masar ta samu kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4. Aka kuma ba Masar ikon hana duk wani aiki a yankunan da Ingila ke mulka idan zai rage mata ruwa. Ingila ce ta sa hannu a madadin Sudan da Uganda da Kenya da Tanganyika. An yi musu aski ba sa nan.

Da Sudan ta samu 'yanci a 1956 ta ce ba ta yarda ba. Shi kuma Jamal Abdul Nasir yana son gina babbar madatsar Aswan, wadda ruwanta zai malale har cikin Sudan, don haka dole a zauna. A Nuwamba 1959 suka yi lissafi: ruwan da ke isa Aswan biliyan 84 ne, rana za ta shanye biliyan 10, Masar ta ɗauki 55.5, Sudan 18.5. Ku haɗa ku gani. Tamanin da huɗu cif. Ko cokali ɗaya ba a bar wa Habasha ba, ba a ma gayyace ta ba, alhali tun 1957 ta rubuta cewa tana nan a kan haƙƙinta. Gwamnatin Tanganyika ma a 1962 ta sanar da cewa takardar da 'yan mulkin mallaka suka sa wa hannu ba ta ɗaure ƙasarta ba.

To me dokar duniya ta ce? Ƙa'idoji biyu ne, kuma kowa ya rungumi wadda ta yi masa. Ta farko: ƙasashen da suka haɗa kogi su yi amfani da shi bisa adalci. Ta biyu: kada wata ta jawo wa wata babbar cutarwa. Habasha na karanta ta farko, Masar na karanta ta biyu. Duka biyun suna cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997, kuma abin dariya, ranar ƙuri'a Masar da Habasha duk sun ƙaurace. Kotun duniya kuwa ba ta sauraron ƙara sai ɓangarorin sun amince da hurumin ta, shi ya sa har yau ba wani alƙali da ya yanke wannan shari'a.

A 2010 ƙasashen sama suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar a Entebbe, Masar da Sudan suka ƙi, domin ba ta amince da tsohon kasonsu ba. A Afrilu 2011, Masar na cikin ruɗanin faɗuwar Hosni Mubarak, Habasha ta aza harsashin madatsarta kusa da iyakar Sudan, mai ɗaukar kubik mita biliyan 74. Yawancin kuɗin daga cikin gida aka tara, har da albashin ma'aikata. An sa hannu kan wasu ƙa'idoji a Khartum a 2015, an je Amurka, an je Kwamitin Sulhu, an koma Tarayyar Afirka. A Yulin 2020 Habasha ta fara tara ruwa ba tare da an daddale ba.

Habasha na cewa madatsar ta wutar lantarki ce, ruwa zai juya injin ya wuce abinsa, kuma mutanenta da yawa ba su da wuta. Gaskiya ne. Amma tambayar Masar ma tana da nauyi: idan aka jera shekarun fari, nawa za a saki, kuma wa zai tilasta? Tana son a rubuta adadi a takardar da za ta ɗaure kowa. Habasha na ganin duk adadin da ta sa wa hannu, tamkar ta amince da rabon 1959 ne ta bayan gida.

Yarjejeniyar Entebbe ta fara aiki a Oktoba 2024, babu Masar babu Sudan. A Satumba 2025 aka yi bikin buɗe madatsar, kuma wannan takarda da Masar ke nema har lokacin ba a rubuta ta ba.