Daga Ijaza Zuwa Takardar Shaida: Tarihin Sharaɗin Zurfafa Karatu a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi da damina, da wuya ya ga daji. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da kuka, gidaje kuma a warwatse a tsakani. Yawan jama'a ya daɗe da hana ƙasar hutawa, takin da jakuna ke kaiwa a mangala shi ke riƙe da ita. Gonar gado kuwa raguwa take yi da kowane rabo, shi ya sa tun tale-tale ake tura wasu daga cikin 'ya'ya neman karatu.

Karatun da suka tarar yana da matakai, yana da sharuɗɗa. Yaro yakan fara a matsayin kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. In ya sauke, ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, sai a kira shi alaramma. Gwani kuwa sai wanda manyan mahaddata suka gwada suka sallama masa. Mai son fiƙihu sai ya nufi zaure, ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala da Askari, kafin ya tunkari Muhtasar, wanda malaman Madabo a cikin birni suka yi suna a kansa. Sharaɗin hawa daga wannan littafi zuwa wancan guda ɗaya ne: malamin da ya ji karatunka da kunnensa ya yarda ka isa. Ijazar da zai bayar a ƙarshe takan ambaci sunansa da na malamansa. Tsarin bai rasa aibi ba, domin ɗan gidan malamai yakan sami kusancin da ɗan manomi sai ya yi shekaru yana hidima kafin ya samu. Amma ba a taɓa tambayar kowa shekarar haihuwarsa ba.

Takarda ta shigo ne da Turawa. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. A 1934 aka kafa Makarantar Shari'a a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma a nan ne karatun zaure ya fara shiga aji, da jarrabawa da hatimi. Ta wannan ƙofa Malam Abubakar Gumi ya bi har ya kai Bakht er Ruda a ƙasar Sudan. A harabar wannan makaranta aka buɗe kwalejin da aka raɗa wa sunan Abdullahi Bayero a 1962, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibai goma kacal ta fara ɗauka don karatun digiri a 1964, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977.

Abin lura shi ne gonakin karkarar Kano sun riga 'ya'yansu shiga jami'a. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoso. 'Ya'yan manoman ba su fara tururuwa zuwa aji ba sai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sannan Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, ta soma fitar da waɗanda suka zama likitoci da injiniyoyi.

A daidai wannan lokaci ne sharuɗɗan suka yi ta hauhawa. Bautar ƙasa ta zo a 1973, hukumar JAMB a 1978. A yau mai neman digiri na biyu yakan gabatar da kiredit biyar na sakandare har da Ingilishi, da digiri na farko wanda bai gaza aji na biyu mataki na ƙasa ba (maki 2.40 cikin 5), da takardar bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, da cikakken sakamakon da tsohuwar jami'arsa za ta aiko. Mai aji na uku ko mai babbar difloma sai ya fara bi ta diflomar gaba da digiri.

Ban ga laifin jami'a ba da ta nemi hujja. Inda masu nema suka kai dubbai, babu malamin da zai ji karatun kowa da kunnensa, kuma takarda ta buɗe wa marar gata ƙofar da dā sai da sanayya. Damuwata ita ce takardar da ta fi kayar da ɗan karkara ita ce mafi tsufa a cikin jakarsa. Kiredit ɗin Ingilishi a sakandaren ƙauye ake samunsa ko a rasa shi, a hannun yaron da kan yi sassafe a gona kafin ya shiga aji, wanda wani lokaci zango guda kan wuce bai ga malamin darasin ba. In ya lallaɓa ta kwalejin ilimi, kamar ta tarayya da ke Bichi, ya koyar, ya tara kuɗi, ya yi digiri, yakan iso ƙofar digiri na biyu da furfura, da iyali, wani lokaci da jinginar gona a wuyansa. Harafi ɗaya da ya bambanta a sunansa tsakanin takardu biyu sai ya kai shi kotu rantsuwa.

Wani abu guda na tsohon tsari ya tsira: har yanzu ana neman wasiƙar malaman da suka san mai nema, wato ƙanwar ijaza, ko da yake sau da yawa cike gurbi kawai ake yi da ita. Gwanin tsangaya kuwa, wanda ya san adadin kowace kalma a Alƙur'ani da gurbinta, ba shi da ko ɗaya daga cikin takardun nan. Masu digiri na biyu da na uku sukan je ƙauyensa da na'urar naɗar magana, su zauna a tabarmarsa. Sunansa yakan fito a ƙarshen kundi, cikin jerin waɗanda aka yi hira da su.