Tarihin santi biyar: jirgin birnin Niyu Yok da rigimar kasafin kuɗi

A hirarmu ta yau za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Amurka, birnin Niyu Yok. Za mu duba tarihin wata rigima da aka fi shekara ɗari ana yi: wa zai biya kuɗin jirgin da ke kai mutane wurin aiki? Fasinja ne, ko birni, ko jaha? Ku biyo mu sannu a hankali, don maganar ta shafi duk inda ake karɓar haraji, ake kuma zaɓen shugabanni.

Da fari sai mu gane tsarin ƙasar. Amurka jahohi 50 ne, kowace da gwamnanta da majalisarta ta dokoki. Birnin Niyu Yok yana cikin wata jaha mai suna irin nasa, amma gwamna da majalisa suna zaune a Albani, fiye da kilomita 200 arewa da birnin. Birni yana da magajin gari wanda jama'a ke zaɓe, sai dai ba ya iya ƙirƙiro sabon haraji, wato lanho, sai majalisar jaha ta yarda. Majalisar zaure biyu gare ta, ɗaya na depite, ɗaya na dattawa. Kowace shekara gwamna yana kawo musu kasafin kuɗi, wato lissafin abin da zai shiga baitulmali da abin da zai fita, kuma ya kamata su amince da shi kafin 1 ga Afrilu. Sau da yawa gardama takan hana: daga 1985 zuwa 2004, shekara 20 a jere, kasafin bai fito kan lokaci ba.

Kuɗinsu dala ne, amma kada ku haɗa ta da dalarmu mai tamma biyar. Dalar Amurka santi 100 ke cikinta.

Ranar 27 ga Oktoba 1904 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a birnin. Birni ne ya ci bashi ya haƙa hanya, wani kampani mai suna IRT ya ɗauki aikin tafiyar da jiragen. Kuɗin shiga santi 5 ne, ko nesa za ka ko kusa. A 1913 birni ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da kampani biyu, IRT da BRT, don a ƙara hanyoyi. Aka rubuta cewa kuɗin shiga santi 5 ne har tsawon shekara 49. A lokacin kampanonin sun yi murna, don suna cin riba.

Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo. Tsakanin 1914 da 1920 farashin kaya ya kusa ninkawa biyu. Gawayi ya yi tsada, ƙarfe ya yi tsada, ma'aikata suka nemi ƙarin albashi, amma santi 5 na nan yadda yake. A watan Nuwamba 1918 wani jirgin BRT ya yi hatsari a unguwar Buruklin, mutum fiye da 90 suka mutu. Kafin shekarar ta ƙare kampanin ya kasa biyan bashinsa, kotu ta naɗa masa mai kula.

A nan ne siyasa ta shigo. Magajin garin lokacin, John Hylan, tsohon direban jirgi ne kafin ya karanta shari'a ya zama alƙali, kuma ba ya ga maciji da kampanonin. A 1921 gwamna Nathan Miller ya sa majalisa ta kafa wata hukumar jaha mai ikon canza kuɗin shiga. Hylan ya ɗauki maganar ya zagaya da ita unguwa unguwa, yana cewa Albani da masu kuɗi sun haɗa baki za su ƙwace wa talaka santi biyar ɗinsa. Ya sake cin zaɓe da ratar ƙuri'a fiye da 400,000. Shekara ɗaya bayan haka Miller ya faɗi zaɓen gwamna. Daga nan kowane ɗan takara ya ɗauki darasi: wanda ya taɓa santi biyar, wuta ya taɓa. A 1928 IRT ya nemi a mai da kuɗin santi 7, magana ta kai har kotun ƙoli ta Amurka, a 1929 kotu ba ta ba shi gaskiya ba.

To, ku tambaya, in fasinja bai biya ba, wa ya biya? Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Bashin da birni ya ci don haƙa hanyoyi, daga harajin gidaje da filaye aka riƙa biyansa, kuɗin da in ba haka ba da ya tafi makarantu da asibitoci. Kampanoni kuwa suka rage gyara, suka bar jirage suna tsufa. A 1932 IRT ma ya faɗa hannun kotu. A 1940, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, birni ya saye kampanonin biyu a kan dala miliyan 326, ya haɗa su da hanyar da shi kansa ya buɗe a 1932. Hanyoyi suka zama na birni duka, asara ma ta zama tasa.

Sai ranar 1 ga Yuli 1948, bayan shekara kusan 44, magajin gari William O'Dwyer ya mai da kuɗin santi 10. Abin lura shi ne, a 1949 jama'a suka sake zaɓensa. Duk da haka santi 10 bai toshe ramin ba. A 1953 gwamna Thomas Dewey da majalisar jaha suka karɓe jiragen daga hannun magajin gari, suka ba wata hukuma wadda ba zaɓen membobinta ake yi ba. Suka ɗora mata sharaɗi: ta biya kuɗin aikinta na yau da kullum daga abin da fasinja suka biya. Nan da nan kuɗi ya koma santi 15. Dabarar a fili take. In kuɗi ya hau, ɗan siyasa ya nuna hukuma da yatsa, ya ce ba shi ba ne.

A 1968 gwamna Nelson Rockefeller ya haɗa jiragen birni, da bas-bas, da jiragen garuruwan kewaye, da wasu gadoji, a ƙarƙashin babbar hukumar jaha mai suna MTA. Daga lokacin rarar kuɗin da masu mota ke biya a gadojin ta soma tallafa wa jirage. Amma da aka nemi izinin jama'ar jaha a ci sabon bashi don sufuri, a 1971 da kuma 1973, sau biyu suka jefa ƙuri'ar ƙi. A 1975 birni ya kusa tsiyacewa, kuɗin shiga ya tashi daga santi 35 zuwa 50, aka dakatar da haƙa sabuwar hanya a ƙarƙashin Titi na Biyu, wadda sai a 2017 aka buɗe kashinta na farko. A 1946 an ƙirga shigar fasinja fiye da miliyar 2, wato miliyan dubu biyu. A ƙarshen shekarun 1970 adadin ya sauka zuwa wajen rabin haka. Jirage suna mutuwa a hanya, wuta tana tashi a cikin ramuka, ƙofofi ba sa buɗewa. Ɓarakar da aka ƙi ɗinkewa ta zama yagewa.

Me ya sa majalisa take jan ƙafa? Ku duba daga ina membobinta suka fito. Depiten birni, mutanensa jirgi suke shiga. Depiten ƙauye ko na garuruwan kewaye, mutanensa mota suke tuƙawa, kuma suna tambayarsa don me harajinsu zai tafi birni. Saboda haka duk lokacin da aka kawo maganar jirage, shi ma sai ya nemi kason hanyoyi da gadojin yankinsa. Kowa zaɓen da ke gabansa yake kallo.

A 1981 shugaban MTA, Richard Ravitch, ya kai lissafi Albani, ya nuna abin da gyara zai ci, bai ɓoye komai ba. Bayan doguwar jayayya majalisa ta amince da wasu haraji waɗanda aka keɓe wa sufuri, aka kuma soma tsarin gyara na shekara biyar biyar daga 1982. Aka sayo sababbin jirage, aka canza layukan dogo, sannu a hankali fasinja suka dawo.

Rigimar ba ta mutu ba. A 2008 magajin gari Michael Bloomberg ya nemi motocin da ke shiga tsakiyar birni su riƙa biyan dala 8. Zauren depite bai ko jefa ƙuri'a a kan maganar ba, ta mutu. A 2009 majalisa ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata harajin santi 34 a kan kowace dala 100 ta albashi, a birni da kewayensa. Mutanen kewaye suka fusata. A zaɓen 2010 jam'iyyar Dimokurat, wadda ta kawo harajin, ta rasa rinjaye a zauren dattawa, a 2011 kuma aka rage shi.

A 2019 aka cusa dokar kuɗin shigar motoci cikin kasafin kuɗin jaha, ta wuce tare da shi. Manufa ita ce a samu abin jingina don cin bashin dala miliyar 15 na gyara. An shirya farawa ranar 30 ga Yuni 2024 a kan dala 15. Saura ƴan makonni, gwamna Kathy Hochul ta dakatar, ta ce rayuwa ta yi wa jama'a tsada. Mutane da yawa suka ce zaɓen watan Nuwamba ne ake tsoro. Zaɓe na wucewa ta dawo da shirin a kan dala 9, aka soma karɓa ranar 5 ga Janairu 2025.

Jama'a, ga abin da za mu riƙe. Kuɗin abin hawa na jama'a daga aljihu uku yake fitowa: abin da fasinja ya biya, da haraji, da bashi, shi kuwa bashi haraji ne na gobe. In an ƙi taɓa ukun nan don tsoron ƙuri'a, sai a bar gyara, kuma wanda ya fi shan wahalar haka shi ne talakan da aka ce ana karewa, don shi ne ba shi da mota. Arahar kuɗin shiga abu ne mai kyau, ta ba ma'aikatan Niyu Yok damar barin cunkoson tsakiyar gari su zauna inda haya ke da sauƙi. Amma sai an faɗi a fili wanda zai cika sauran.

Don haka in ɗan takara ya zo muku da alkawarin cewa kuɗin wani abu ba zai hau ba, ku saurare shi da kyau, sa'an nan ku tambaye shi daga wane aljihu za a cika, kuma nawa aka ware don gyara. In an karanta kasafin kuɗi a rediyo ko an manna shi a bango, ku nemi waɗannan layuka biyu ku duba.

A nan za mu tsaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.