Gidan Cannon da wasiƙun Malam Obinna

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na ɗauko tarihin da ya yi nisa da Ringim, don haka sai a yi haƙuri da ni.

Mu a nan idan aka ce Mishan, abin da yake faɗo mana a rai shi ne asibitin ido na Sabon Garin Kano, wanda 'yan SIM suka buɗe a 1943, ko asibitin kutare na Yadakunya, ko Likita Miller na Wusasa. Ni kaina ranar da na raka kakata aikin ido a Kano na fara tambayar kaina: me yake sa mutum ya bar garinsu ya tafi hidima a wata uwa duniya, ɗansa ya bi sahu, jikansa ma haka? Bin wannan tambayar ne ya kai ni ga wasu 'yan mishan da ba mu cika jin labarinsu a Arewa ba, wato mabiya ɗariƙar Mormon.

Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830. An kashe shi a 1844, sai Brigham Young ya ja mabiyansa suka yi ƙaura zuwa kwarin Salt Lake, a Yuta ta yau, a 1847. Suna da littafinsu bayan Baibul, kuma saboda shi ne Kiristoci da dama ba sa lissafa su a cikin nasu. A al'adarsu saurayi yakan ba da shekara biyu ga aikin wa'azi, budurwa wata goma sha takwas, kuma galibi iyaye ne suke ɗaukar nauyin tafiyar. Ranar Lahadin farko ta kowane wata sukan bar cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin abincin don mabuƙata. Matansu suna da ƙungiyar agaji tun 1842. Da irin wannan tsari, aikin ya zama gadon gida, kamar yadda ɗori ko wanzanci yake a wajenmu.

Gidan da ya fi jan hankalina shi ne gidan Cannon.

An haifi George Q. Cannon a Libaful ta Ingila a 1827. Iyayensa sun shiga ɗariƙar a 1840, suka kama hanyar Amurka a 1842. Uwar ta rasu a cikin jirgin ruwa, uban ya bi ta bayan shekara biyu. A ƙarshen 1850 aka tura wannan maraya tsibiran Hawayi wa'azi, yana ɗan shekara ashirin da uku. Abokan tafiyarsa sun zo ne da niyyar yi wa Turawan da ke can wa'azi, da suka ga Turawan ba su da yawa kuma ba sa sauraro, wasu suka tattara nasu ya nasu suka koma. Shi ya zauna ya koyi harshen mutanen ƙasar. Tare da wani alƙali ɗan ƙasa mai suna Jonathan Napela ya fassara littafinsu zuwa harshen Hawayi, aka buga shi a 1855. Daga baya ya zama mataimakin shugabannin cocin har huɗu, ya wakilci Yuta a majalisar Amurka, aka raba shi da kujerar a 1882 saboda yana da mace fiye da ɗaya, har ya yi zaman kurkuku a kan haka a 1888. Na san wannan gaɓar za ta ba wasunmu dariya.

To amma mutumin da ya durƙusa ya koyi harshen Hawayi, shi ne kuma ya tsaya wa dokar da ta ware baƙar fata. Tun 1852 Brigham Young ya hana baƙaƙe limanci, alhali a zamanin Smith an naɗa wani baƙi mai suna Elijah Abel. A cocin nan kusan kowane namiji baligi yana da rabo a limanci, shi yake yi wa 'ya'yansa baftisma, shi yake sa wa marar lafiyarsa albarka. Hana mutum wannan daidai yake da a ce masa ya shigo gida amma iyakarsa zaure. A 1895, lokacin da wata baƙar mace, Jane Manning James, take roƙon a bar ta ta shiga ibadun haikali, George Cannon ya gaya wa sauran shugabanni cewa hanin ya samo asali ne daga Smith kansa. Maganarsa ta ƙara wa dokar ƙarfi. Ya rasu a 1901.

Ɗansa Edwin ya shugabanci aikin mishan a Jamus ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jikansa, shi ma Edwin, ya yi nasa wa'azin a Jamus a zamanin Hitila, ya auri Janath Russell wadda ita ma 'yar mishan ce, suka riƙe aikin Suwizalan daga 1971 zuwa 1974. Daga nan Janath ta zama mataimakiyar shugabar ƙungiyar agajin mata ta cocin baki ɗaya. Ku riƙe sunan waɗannan biyun.

A Nijeriya kuwa abin ya zo a juye. Ba 'yan mishan ne suka nemi mutane ba, mutane ne suka yi ta neman 'yan mishan. Tun daga 1946 wasiƙu suke isa Salt Lake daga yankin Gabas, daga mutanen da wata ƙasida ko mujalla ta faɗo hannunsu. Wasu har sun gina coci sun rubuta sunan ɗariƙar a jikin bango, ba tare da sun taɓa ganin ɗan ɗariƙar ko ɗaya ba. A 1961 aka turo LaMar Williams ya duba, ya tarar da jama'a masu yawa suna jira, aka fara shirin buɗe mishan.

Wani ɗalibi ne ya tsayar da shirin. Ambrose Chukwu yana karatu a Kalifoniya, ya halarci taron cocin, ya gano maganar hana baƙaƙe limanci, ya karanta littattafansu a kan haka. A 1963 ya rubuto wa jaridar Nigerian Outlook ta Inugu, ta buga. Ƙasa tana shekara uku da samun 'yanci, ga Afirka ta Kudu a idon kowa. Gwamnati ta ƙi ba da bizar zama. A shekarun nan ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda shige da fice yake ƙarƙashinta, tana hannun Alhaji Shehu Shagari. Williams ya yi ta shigowa da gajeriyar biza yana kai gwauro yana kai mari, har aka kira shi gida a Nuwamban 1965. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki, sannan yaƙin basasa.

A ganina Chukwu ya yi daidai, gwamnati ma ta yi daidai. Wanda zai zo ƙasarka ya yi hidima alhali littafinsa ya ajiye ka a ƙasan sahu, dole a tambaye shi. Sai dai hukuncin ya faɗa a kan wasu 'yan ƙasar ma, kuma a nan ne labarin ya fi ba ni tausayi.

Anthony Obinna malamin makaranta ne a Aboh Mbaise, cikin jihar Imo ta yau. Ya ba da labarin cewa ya yi mafarkin wani dogon gini mai kyau. A lokacin yaƙi, yana zaune a gida ba fita, ya ɗauki tsohuwar mujallar Reader's Digest ta 1958, ya ga hoton haikalin Salt Lake, ya ce wannan ne ginin. A 1971 ya rubuta wasiƙa. Aka aiko masa da littattafai, aka ce babu shirin zuwa Nijeriya. Bai fasa ba. Ya tara iyalinsa da 'yan uwansa suna ibada ranar Lahadi, yana ci gaba da rubutu. Shekara bakwai yana aika wasiƙa ga mutanen da suke ce masa ya jira, kuma ya san dalilin jiran. Mu da muke fushi idan edita bai amsa mana ba cikin mako biyu, sai mu duba.

A watan Yunin 1978 shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da ɗage hanin. A Agusta aka turo Edwin Cannon, jikan George, ya zagaya Nijeriya da Gana ya ga ko masu wasiƙun suna nan. Suna nan. A Nuwamba ya dawo da matarsa Janath, tare da Rendell Mabey, lauya kuma ɗan tsohon gwamnan Yuta, da matarsa Rachel. Dukansu dattawa ne, masu jikoki. Ranar 21 ga Nuwamba, 1978, a kogin Ekeonumiri, aka yi wa mutum goma sha tara baftisma, Obinna a kan gaba. Aka naɗa shi shugaban reshe, 'yan uwansa Francis da Evans mataimakansa, matarsa Fidelia shugabar ƙungiyar agajin mata. Reshen farko a Afirka ta Yamma ya tashi a kan gida ɗaya, kuma jikan mutumin da ya kare dokar yana cikin waɗanda suka zo naɗa baƙi limami. Kafin shekara ta zagayo, waɗanda aka yi wa baftisma a Nijeriya da Gana sun kai wajen 1,700. Sai a 2013 cocin ya fito a rubuce ya nesanta kansa daga dalilan launin fata da magabatansa suka riƙa kafawa.

Abin da ya sa na iya kawo muku rana da wata da sunan kogi shi ne mutanen nan suna rubutu. George Cannon ya shafe kusan shekara hamsin yana rubuta abin da ya faru a yininsa, kuma cocin ya saka kundayen a intanet. Mabey ya fitar da littafi a kan zamansu a nan. Janath ta ɗauki hotuna. An adana wasiƙun Obinna. Har maganar 1895 da ba ta yi wa George kyau ba, daga rubutun zaman shugabanninsu ta fito. Na gwada irin wannan a unguwarmu. Akwai gidan masu ɗori da kowa ya yarda sun gaji aikin kaka da kakanni, ba su taɓa yanka wa mai karaya farashi ba. Na zauna da dattijon gidan da biro da takarda. Ya kawo sunan ubansa da kakansa, ya ce kakan ya ga zuwan jirgin ƙasa Ringim, ya yi wa leburorin gyaɗa ɗori. Daga nan sai shiru. Matan gidan da suka yi ungozomanci kuwa, ko suna ɗaya bai tuna ba. Na dawo da shafi ɗaya da rabi, kuma ina shirin komawa wajen tsofaffin matan kafin damina.

A 1988 aka kafa babbar gundumar cocin ta farko a Aba, ƙarƙashin ɗan ƙasa, David Eka. Obinna ya rasu a 1995. An buɗe haikali a Aba ranar 7 ga Agusta, 2005, ba nisa sosai da garinsu. Edwin Cannon ya rasu a Afrilun shekarar, wata huɗu kafin buɗewar.